Babi na Biyar: Ina Iyakar Gondor?

Duk wanda ya kalli fim na uku cikin jerin The Lord of the Rings na Peter Jackson, wanda ya fito a 2003, ba zai manta farin birnin nan mai hawa bakwai da aka kafe a jikin dutse ba, da rundunar da ta cika filin gabansa har ido ya kasa ganin ƙarshenta. Bayan an tashi daga kallo akan ji wani ya tambaya: wai Gondor ɗin nan ƙasa ce, ko gari ɗaya ne kawai? In ƙasa ce, ina sauran garuruwanta da manomanta, daga ina ta fara, a ina ta tsaya? Kuma yaya aka yi daular da kowa a labarin yake ambata da girmamawa ta rasa mazajen da za su tsare mata ƙofa, har sai da ta kunna wuta a kan tuddai tana neman gudunmawar maƙwabta?

Tambayar tana da amsa dalla-dalla, domin J.R.R. Tolkien, malamin tsofaffin harsuna a Jami'ar Oxford wanda ya ƙago wannan duniya, mutum ne mai tsananin kula da ƙasa da nisan tafiya. A wata wasiƙa ta 1954 ya bayyana cewa da taswira ya fara, sannan ya sa labarin ya bi ta. Ɗansa Christopher ne ya zana taswirar da aka buga tare da littafin. A ƙarshen juzu'i na uku, wanda ya fito a 1955, akwai rataye mai jerin sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙensu, sannan a 1980, shekara bakwai bayan rasuwar Tolkien, Christopher ya fitar da Unfinished Tales, inda aka zayyana wasu iyakokin kogi bayan kogi. In aka haɗa waɗannan ana iya bin iyakar Gondor na tsawon shekara fiye da 3,000. Wanda ya bi ta a tsanake zai lura da abu ɗaya, kuma shi ya sa nake ganin wannan taswira ta fi ta yawancin marubutan da suka biyo baya rai: iyakar mutane take bi. Duk inda gidaje suka yi ƙaranci, ba a daɗewa iyaka za ta janye daga wurin, ko an ci ƙasar da yaƙi ko ba a ci ba.

Dutse da kogi

In kana son ka riƙe taswirar Gondor a ka ba tare da duba takarda ba, abu biyu za ka haddace, jerin duwatsu da kogi.

Duwatsun su ne Ered Nimrais, Fararen Duwatsu. Sun taso daga bakin teku a yamma, suka miƙe gabas, suka tsaya cak a wani tsauni mai suna Mindolluin, kuma a gindin wannan tsauni farin birnin yake. Kogin shi ne Anduin, wanda ya gangaro daga can arewa mai nisa, ya zubo ta gangaren Rauros, ya bi ta gaban Mindolluin, sannan ya karkata kudu maso yamma ya faɗa tekun Belfalas. A hayin kogin ta gabas wasu baƙaƙen duwatsu ne, Ephel Duath, suka yi katanga daga arewa zuwa kudu. Abin da ke bayansu shi ne Mordor, ƙasar Sauron.

Kudu da Fararen Duwatsu, tsakaninsu da teku, nan ne ƙasar take da ƙiba: Lossarnach mai furanni da lambuna, Lebennin mai koguna biyar, Lamedon, Belfalas inda gidan sarautar Dol Amroth yake, sai Anfalas mai doguwar gaɓa da ƙauyukan masunta da makiyaya. Duwatsu sun kare wannan yanki ta arewa, maƙiyi ba ya isa gare shi sai ta teku ko ya ƙetaro kogi. Fim bai nuna shi ba sai ɗan kaɗan, alhali daga nan abinci da mayaƙa suke fitowa.

Arewa da duwatsun akwai Anorien, daga nan sai Calenardhon, makeken fili mai ciyawa da ya shimfiɗu daga Anduin har kogin Isen. Ba abin da ya tare shi ta gabas sai kogin, shi kuma a wajen yana da wurare marasa zurfi da runduna za ta iya ƙetarewa. A hayin gabas, matse tsakanin Anduin da duwatsun Mordor, akwai siririyar ƙasar Ithilien. Can kudu kuma, daga kogin Poros zuwa kogin Harnen, akwai Harondor.

Tolkien ya faɗi yanayin wurin a fili. Ya ce in aka ɗora garin Hobbiton daidai da Oxford, to farin birnin, wanda ke kudu da shi da mil 600, zai faɗo daidai da birnin Florence na Italiya. Shi ya sa ake samun zaitun da ganyayyaki masu ƙanshi a Ithilien tun watan Maris, lokacin da arewa ba ta gama fita daga sanyi ba.

Babban birni a tsakiyar kogi

A babin da ya gabata mun bar tsibirin Numenor yana nitsewa a shekara ta 3319 ta Zamani na Biyu. Jiragen ruwa tara ne suka tsira. Elendil ya sauka a arewa ya kafa Arnor. 'Ya'yansa biyu, Isildur da Anarion, guguwa ta kai su bakin Anduin, suka kafa Gondor a 3320. Ba daji suka tarar ba. Tun 2350 'yan'uwansu suka gina tashar jiragen ruwa ta Pelargir a kan kogin, kuma akwai mutanen asali a duwatsu da kwaruruka tun kafin wani ɗan Numenor ya taka gaɓar.

Dubi inda suka ajiye babban birninsu. Osgiliath a kan kogin aka gina ta, rabi a wannan gaɓa rabi a waccan, babbar gada ta haɗa su, kuma a zaurenta aka jera karagun mulki biyu kafaɗa da kafaɗa. Isildur ya gina Minas Ithil a gabas, a jikin duwatsun Mordor, domin sa ido kan abin da ke bayansu. Anarion ya gina Minas Anor a yamma, a gindin Mindolluin, domin tare mutanen duwatsu. A idon waɗanda suka kafa ƙasar, ke nan, Anduin hanya ce da ta ratsa tsakar gida. Farin birnin da fim ya nuna shi ne Minas Anor, kuma a wancan zamani ɗaya ne daga kagarai biyu masu gadin babban birni. Sarakunan baya ma wurin hutunsu na lokacin zafi suka mai da shi.

Bayan yaƙin da ya karya Sauron ya rufe Zamani na Biyu, yaƙin da ya ci Elendil da Anarion, Isildur ya ɗauki Meneldil, ɗan ƙanensa wanda zai bar wa mulkin kudu, suka zagaya iyakokin ƙasar. A hanyar dawowa suka hau wani tudu a gefen arewa na Fararen Duwatsu, wanda daga baya aka san shi da Halifirien. Isildur ya ga nan ne kusan tsakiyar ƙasar. Nan ya binne akwatin da ke ɗauke da gawar mahaifinsa, ya bar wasiyya cewa kowane sarki ya kawo magajinsa wurin a asirce in ya mallaki hankalinsa, ya faɗa masa sirrin mulki. Ka riƙe sunan wannan tudu.

Sarakunan jiragen ruwa

Shekara dubu na farkon Zamani na Uku na faɗaɗa ne. Mutanen gabas sun fara kawo hari a 490, aka kore su, aka bi su, aka ci ƙasa mai faɗi a hayin Anduin. Daga 830 aka sami sarakuna huɗu a jere da suka mai da hankali ga teku. Earnil na Farko ya gyara Pelargir, ya gina rundunar jiragen ruwa, ya kama babbar tashar Umbar da ke can kudu a 933. Bayan shekara uku teku ta cinye shi. Ɗansa ya mutu a yaƙin kare Umbar. Jikansa Hyarmendacil ne ya murƙushe sarakunan Harad na kudu a 1050, har 'ya'yansu suka zauna a fadarsa a matsayin jingina.

A zamaninsa iyakar ta kai ƙololuwa. Ta arewa ta taɓa filin Celebrant da gefen kurmin Mirkwood. Ta yamma ta kai kogin Gwathlo, inda gadar Tharbad take ɗauke da babbar hanyar da ta haɗa Gondor da Arnor. Ta gabas ta kai tekun Rhun da ke cikin tudu, ta kudu kuma kogin Harnen, daga nan a bi gaɓa har Umbar. Mashigan Mordor duka akwai kagarai da sojoji a cikinsu.

Sai dai a yi hattara da launin da ake shafa wa taswira. Yawancin wannan faɗi mubaya'a ce da sansanoni jefi-jefi. Yankin Enedwaith, tsakanin Isen da Gwathlo, mutanen Gondor ba su taɓa zama a cikinsa ba in ka ɗebe masu kula da gada da hanya a Tharbad.

Mutum-mutumin nan biyu na Isildur da Anarion da suka ɗaga hannu a bakin kogi, waɗanda suka burge kowa a fim na farko, su ne Argonath. Ana ɗaukarsu alamar ƙarfi, ni kuwa alamar lissafi nake gani a jikinsu. Minalcar ne ya gina su bayan ya ci mutanen gabas a 1248. Da ya dawo gida sai ya jera kagarai a gaɓar yamma ta Anduin har mahaɗar kogin Limlight, ya hana baƙo ya gangaro kogin ya wuce tuddan Emyn Muil. Filayen gabas kuma ya dogara ga ƙawayensa 'yan arewa, mahaya dawakin Rhovanion, su tsare masa. Jarumin da ya ci yaƙi can wajen tekun Rhun, ya dawo ya kafa ƙofa a kan Anduin, ya san yawan mutanen da yake da su.

Basasa, annoba, karusai

Daga wannan ƙawance masifa ta farko ta fito. Minalcar ya tura ɗansa Valacar ya zauna cikin 'yan arewa ya koyi harshensu da al'adunsu. Valacar ya wuce inda aka aike shi, ya auri Vidumavi, 'yar sarkinsu. Da ɗansu Eldacar ya zo hawa gado a 1432, manyan kudu suka ce ba za su bi ruwa-biyu ba, wai jininsa ya gauraya, ba zai yi tsawon rai irin na zuriyar Numenor ba. Castamir, shugaban rundunar jiragen ruwa, ya ja tawaye, aka kewaye Osgiliath aka ƙone ta a 1437, dutsen gani da ke cikinta, mai nuna abin da ke nesa, ya faɗa kogi. Eldacar ya tsere wajen dangin mahaifiyarsa, ya dawo bayan shekara goma ya kashe Castamir a mashigin kogin Erui. Amma 'ya'yan Castamir sun kwashe jirage suka tafi Umbar a 1448. Lokaci guda Gondor ta rasa tashar da sarakuna uku suka sha wuya a kanta, ta rasa jiragenta, ta kuma sami 'yan fashin teku na jininta waɗanda suka san kowace mashiga ta gaɓarta. Tun daga nan Harondor ta zama ƙasar ja-in-ja. Eldacar kuwa shekara 235 ya yi a duniya.

Masifa ta biyu ita ta fi canja taswira, ko da yake babu takobi a cikinta. A 1636 annoba ta taso daga gabas. Ta kashe Sarki Telemnar da 'ya'yansa duka, ta fi yin ɓarna a Osgiliath, kuma cikin waɗanda suka gudu ƙauyuka kaɗan ne suka yarda su koma. A 1640 Sarki Tarondor ya mai da fada Minas Anor dungurungum. A shekarar ne kuma aka bar kagaran Mordor babu masu gadi. Ba wanda ya kore su, mutanen da za a tura ne babu. Calenardhon ta yi asarar jama'a mai yawa, Tharbad ta fara lalacewa. Abin da ya rufa wa Gondor asiri shi ne annobar ba ta ƙyale maƙiyanta ba.

Ta uku ta zo a 1851, wasu mutanen gabas masu tafiya da manyan kekuna, waɗanda shugabanninsu ke yaƙi a kan karusai. A 1856 suka kashe Sarki Narmacil na Biyu, ƙasashen gabas duka suka suɓuce, iyaka ta dawo Anduin da Emyn Muil. Ithilien kaɗai ta rage a hayi. Umbar da aka sake kamawa a 1810 ta sake kuɓucewa cikin wannan hargitsi. A 1944 masu karusan suka haɗa kai da mutanen Khand da Harad, suka afko ta arewa da kudu lokaci guda, Sarki Ondoher da 'ya'yansa maza biyu suka mutu a fagen fama. Kwamandan rundunar kudu, wani Earnil ɗin daban, shi ya ceci ƙasar, aka kuma naɗa shi sarki.

Sauran ya zo da sauri. Nazgul, bayin Sauron, sun fito ta mashigin da aka daina gadi suka kama Minas Ithil a 2002, ta koma Minas Morgul, Minas Anor kuma aka canja mata suna zuwa Minas Tirith. A 2050 sarki na ƙarshe, Earnur, ya amsa ƙalubalen shugaban Nazgul, ya shiga Minas Morgul bai fito ba, bai kuma bar ɗa ba. Mulki ya koma hannun muƙaddasai masu riƙon gado da sunan sarkin da zai dawo. A 2475 aka karya gadar dutse ta Osgiliath, birnin ya zama kufai. Kogin da ya ratsa tsakar gida ya koma bakin daga.

Kyautar Calenardhon

A nan ya kamata mu daɗe, domin nan ne aka zana iyakar da mai kallon fim ya tarar.

A 2510, zamanin Cirion, muƙaddas na goma sha biyu, wasu mutanen gabas da ake kira Balchoth suka ƙetaro Anduin suka shiga Calenardhon, dakarun Ork kuma suka sauko daga duwatsu. Aka datse rundunar Gondor, aka tura ta filin Celebrant. Tun kafin haka Cirion ya aika mahaya shida, biyu-biyu, zuwa can arewa mai nisa wajen kabilar Eotheod. Ɗaya ne kaɗai ya isa, Borondir. Matashin shugabansu Eorl ya taso da mahaya fiye da 7,000, ya afka wa Balchoth ta baya a lokacin da aka fid da rai. Su waye Eotheod? Zuriyar mahayan Rhovanion ne, mutanen da manyan Gondor suka ƙone babban birninsu don ƙyamar jininsu shekara dubu da suka wuce.

Bayan wata uku Cirion ya kai Eorl kan tudun Halifirien. A gaban kushewar Elendil ya ba shi Calenardhon kyauta, daga Anduin har Isen, su zauna da sarakunansu da dokokinsu, ba haraji, ba mubaya'a. Sharaɗi ɗaya ne, abota ta har abada: maƙiyin ɗaya maƙiyin ɗayan ne. Kowannensu ya yi rantsuwa. Ƙasar ta zama Rohan.

Wani zai ce wane irin shugaba ne zai yanke irin wannan makeken yanki ya miƙa wa baƙo? Amma me Cirion ya rasa? Filin ya kusa zama wayam tun annoba, sauran mazaunansa suna ta ƙaura gabas shekara da shekaru. Ba shi da mutanen da za su noma shi, balle su tsare shi. Su kuma Eotheod sun yi yawa a ƙasarsu ta arewa, dawakinsu na neman makiyaya. Filin da babu kowa hanya ce ga maƙiyi. Cirion ya cika shi da mahaya.

An zayyana iyakar filla-filla. Ta yamma kogin Isen, tun daga mahaɗarsa da Adorn. Ta arewa gefen kurmin Fangorn da kogin Limlight. Ta gabas Anduin da gangaren Emyn Muil har fadamun bakin kogin Entwash. Ta kudu Fararen Duwatsu. Tsakanin Rohan da Gondor kuwa wani ɗan rafi ne, Mering, wanda ya gangaro ta kurmin da ke gindin Halifirien. Kagarar Isengard kaɗai Gondor ta riƙe a yammacin filin.

Daga nan Cirion ya yi abin da, a ganina, ya fi kowane yaƙi bayyana tarihin ƙasar. Ya ga cewa tudun da Isildur ya zaɓa don yana tsakiyar daula yanzu a bakin iyaka yake. Sai ya tono akwatin Elendil ya kai shi maƙabartar sarakuna a Minas Tirith. Tudun bai gusa ko taki ɗaya ba, ƙasar ce ta tsuke har cibiyarta ta zama gefenta. Halifirien ya koma na ƙarshe ta yamma cikin tuddai bakwai da ake kunna wutar neman agaji a kansu.

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata kan tudun ba. Mutanen Dunland, dangin mazauna kwarurukan Fararen Duwatsu na asali, sun riga sun ƙetaro Isen sun zauna a yammacin filin lokacin da Gondor ta yi sakaci da shi. Sarakunan Rohan na farko suka kore su. Ba su yafe ba. A 2710 suka mamaye Isengard. A 2758 wani mai suna Wulf, wanda yake da jininsu, ya kama fadar Edoras, Sarki Helm ya maƙale a kagarar Hornburg cikin wani dogon hunturu da ya ci rayuka masu yawa. Bayan wannan ne, a 2759, Muƙaddas Beren ya miƙa wa mayen nan Saruman makullan hasumiyar Isengard, don dai a sami mai zama a wurin. Da Saruman ya ci amana, tsohon miki ya fama: ya tuna wa mutanen Dunland ƙasar da aka bayar shekara 500 da suka wuce ba tare da an tambaye su ba, suka bi shi yaƙi. Tolkien bai ɓoye cewa suna da hujja ba, kuma wannan abin a yaba masa ne.

Ganuwa

Rantsuwar Halifirien ta yi aiki. A 2885 rundunar Harad ta ƙetaro Poros, Rohan ta kawo gudunmawa, tagwayen 'ya'yan Sarki Folcwine suka mutu a mashigin aka binne su a can. Amma Ithilien ta ci gaba da zubar da mutane. A 2901 yawancin mazaunanta suka tashi saboda hare-haren Mordor, aka gina maɓoyar Henneth Annun a bayan wani gangaren ruwa domin 'yan sari-ka-noƙe. A 2954 dutsen wuta na Mordor ya sake tashi, na ƙarshensu suka ƙetare kogi. Mayaƙan da Faramir yake jagoranta a kurmin, masu korayen tufafi, jikokin waɗanda aka tasa daga gonakin nan ne. A takarda Ithilien ta Gondor ce, amma ba mai kwana a cikinta da fitila a kunne.

Da Ithilien ta tafi sai aka gina Rammas Echor, katanga mai tsawon kimanin mil 30 da ta kewaye filin Pelennor na gaban Minas Tirith da gonakinsa da lambunansa da rumbunansa. Duk wanda ya san ganuwar Kano ya san dabarar: a kewaye gari tare da gonaki da fadamu, yadda in maƙiyi ya yi zobe ba za a mutu da yunwa ba. Bambancin shi ne ganuwar Kano faɗaɗa ta aka riƙa yi saboda jama'a na ƙaruwa, Rammas kuwa an gina ta ne don abin da ke gabanta ya riga ya salwanta.

To ga amsar tambayarmu. A watan Maris na 3019 Gondor ƙasa ce mai larduna, daga rafin Mering zuwa Anfalas, daga Anduin zuwa teku. Amma da aka nemi mayaƙa daga lardunan kudu, waɗanda suka iso ba su kai 3,000 ba, domin kowa yana tsoron jiragen Umbar su faɗa wa gidansa a bayansa. A cikin Minas Tirith kanta gidaje da yawa a rufe suke, birnin zai ɗauki ninkin mutanen da ke cikinsa.

Gefen taswira

Akwai abin da ba zan wuce shi ba. Taswirar tana da cikakken bayani a yamma, kowane rafi da sunansa, amma in ka nufi kudu ko gabas sai ta koma fili da suna guda. Harad da Rhun ba mu san garuruwansu ba, ba mu san sarakunansu da suna ba, ba mu ji labarin 1050 daga bakin waɗanda aka kwashe wa 'ya'ya ba. Ta idon marubutan fadar Gondor kaɗai muke ganinsu, a matsayin rundunar da ke zuwa daga bayan iyaka, kuma baƙaƙen mutanen kudu mai nisa an siffanta su da kalaman da ba su da daɗin karantawa. Wuri ɗaya Tolkien ya ɗan tsaya: Sam ya ga gawar wani ɗan Harad a Ithilien, ya shiga tunanin ko mene ne sunansa, ko da ƙarya ko barazana aka raba shi da gida. Tsayawar tana da kyau, amma ba ta isa ba ga marubucin da ya iya ba mutanen Dunland hujjarsu.

Rabon Aragorn

An naɗa Aragorn sarkin Gondor ranar 1 ga Mayu, 3019, kuma hukunce-hukuncensa na farko kan ƙasa sun bi hanyar Cirion. Ya sabunta kyautar Rohan. Kurmin Druadan ya bar wa mutanen Ghan-buri-Ghan da ke zaune a cikinsa, ya hana kowa shiga sai da izininsu. Bayin Mordor da aka 'yanta ya ba su filayen da ke kewaye da tafkin Nurnen, waɗanda da ma su ke noma su. Ya yi sulhu da mutanen Harad. Ithilien ya ba Faramir ya zauna a tuddan Emyn Arnen, domin a sake cika ta da mutane. Yaƙe-yaƙe ba su ƙare ba, shi da Eomer na Rohan sun fita daga baya har bayan tekun Rhun da can cikin kudu.

Kambin Gondor rabin gadonsa ne kawai. A tsakiyar shekarar Elrond ya miƙa masa sandar mulkin Annuminas, ta daular arewa, wadda ba ta bar komai a taswira ba sai kufai da wata doguwar hanya da ciyawa ta rufe. Arnor ba ta tsuke a hankali kamar Gondor ba. A 861, bayan rasuwar Sarki Earendur, 'ya'yansa suka kasa ta uku, Arthedain da Cardolan da Rhudaur, suka shiga jayayya kan tudu guda, Amon Sul, da dutsen gani da ke hasumiyarsa. Yadda wannan jayayya ta buɗe wa Angmar ƙofa har daular ta shafe a 1974, da yadda ƙaramar ƙasar Shire ta rayu a cikin kufanta, shi ne zancen babi na gaba.